Girman Mota da Nauyinta: Tarihin Gardamar Amurka Tun Daga 1973

Duk mai ƙera mota yana neman abu uku ne a lokaci guda, watau gudu, da kare ran wanda ke ciki, da tsimin mai. Matsalar ita ce nauyin motar yana shafar ukun baki ɗaya, kuma sau da yawa abin da ya gyara ɗaya shi ke ɓata ɗaya. Ba ƙasar da wannan ja-in-ja ya fito fili a cikinta kamar Amurka.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu man fetur ya yi araha a can, saboda haka kamfanonin birnin Ditroyit, watau General Motors da Ford da Chrysler, suka shiga gasar ƙera manyan motoci masu injin silinda takwas. Kafin 1973 motar iyali takan wuce tan biyu, galan ɗaya kuwa da ƙyar ya kai ta mil 13 ko 14.

A watan Oktoba na 1973 yaƙi ya ɓarke tsakanin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa suka hana sayar wa Amurka mai. Cikin 'yan watanni farashin ganga ya tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Gwamnati ta ɗauki mataki biyu. A 1974 aka ƙayyade gudu a kan mil 55 cikin awa, sa'an nan a ƙarshen 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan dokar da ta tilasta wa kowane kamfani matsakaicin motocinsa ya kai mil 18 a galan a 1978, ya kuma haura zuwa 27.5 a 1985.

Hanya mafi sauri ta cika wannan sharaɗi ita ce rage nauyi, domin kaso mai yawa na man da mota ke sha a cikin gari yana tafiya ne wajen tayar da jikinta bayan kowace tsayawa. Alal misali, a 1977 General Motors ta rage wa Chevrolet Caprice tsawo wajen ƙafa guda da nauyi fiye da laba 600, ta kuwa samu kasuwa sosai.

To, amma nan fa aka shiga gardama. Idan motoci biyu suka yi karo gaba da gaba, ɗaya ta ninka ɗaya nauyi, canjin gudun da ƙaramar za ta fuskanta farat ɗaya ya ninka na babbar, kuma wannan girgiza ita ce ke kisa. A 2002 wani kwamiti na Majalisar Bincike ta Ƙasa ya ƙiyasta cewa ƙanƙantar da motoci ta jawo ƙarin mutuwar mutum 1,300 zuwa 2,600 a shekarar 1993 kaɗai. Mutum biyu daga cikin kwamitin ba su yarda da wannan hukunci ba.

Akwai dalilin yin taka-tsantsan da shi. Na farko, girma daban, nauyi daban: abin da ke ceton direba shi ne doguwar gaba mai lanƙwashewa ta shanye bugu, da ɗaki mai ƙarfi, da bel. A 2009 aka gwada karo tsakanin Chevrolet Bel Air ta 1959 da Malibu ta 2009. Ɗakin tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar kuwa ya tsaya. Na biyu, kariyar da nauyi ke bai wa mai babbar mota daga wuyan na ƙaramar ake cire ta.

Ita dokar 1975 ɗin ma ta bar wata kafa. An sassauta wa a-kori-kura da danginsu, don ana ganin na manoma ne da 'yan kasuwa. Da mai ya sake araha bayan 1985, sai kamfanoni suka mai da irin waɗannan motoci na iyali, jif-jif suka cika tituna. Ci gaban da aka samu wajen ƙera inji ya tafi ga ƙarin ƙarfi da nauyi maimakon tsimi. Masu tafiya a ƙasa da mota ta kashe kuwa sun ƙaru daga wajen 4,100 a 2009 zuwa fiye da 7,000 a 2021, kuma tsayin goshin waɗannan motoci yana cikin dalilan da masu bincike suka ambata.

Daga wajen 2011 aka koma auna wa kowace mota sharaɗinta gwargwadon faɗin filin da ke tsakanin tayoyinta huɗu, don kada a ƙanƙantar da ita saboda doka kawai. A 2015 Ford ta sauya jikin F-150 da alminiyom, ta rage kusan laba 700 ba tare da rage girma ba.

Darasin da ke nan ga ɗalibi da ma'aikacin gwamnati shi ne, girman motocin da ke kan titi ba son ran mai saye kaɗai ke yanke shi ba. Farashin mai da lafazin doka suna da hannu. Wanda zai tsara irin wannan doka, tilas ya lissafa da mutum uku: na cikin motar, da na cikin wadda za ta yi karo da ita, da wanda ke tafe a ƙafa.