Tarihin Lamba Mai Hawa da Kanta a Rumbun Bayanai

Tun kafin zuwan kwamfuta, akawu kan ba kowane rasit lambarsa, sannan ya jera kayan da ke ciki daga ɗaya. Ba a gane layi sai an haɗa lambar rasit da ta layin. Wannan al'ada ce rumbun bayanai ya gada.

A 1970 Edgar Codd, masanin lissafi ɗan Ingila da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, ya wallafa maƙalar da ta kafa tsarin adana bayanai a jadawali. A tsarinsa, kowane layi yana da babban mabuɗi da ke bambanta shi da sauran, ko ginshiƙi ɗaya ne ko ginshiƙai a haɗe. Daga baya masu ƙera manhaja suka ɗora wa kwamfuta aikin bayar da lambar, kowannensu da nasa salon.

Manhajar MySQL, wadda ta fito daga Suwidin a 1995, ta fi kusa da hanyar akawu. Injinta na MyISAM ya yarda lamba mai hawa ta zama ginshiƙi na biyu a mabuɗin haɗaka. Sai ya duba lamba mafi girma a rukunin layukan rasit ɗin ya ƙara ɗaya, don haka kowane rasit ya fara ƙirgensa daga farko. Abin da ya sawwaƙa hakan shi ne injin yana kulle jadawali gaba ɗaya yayin rubutu. Illarsa kuwa, in aka goge layin ƙarshe, lambarsa na iya komawa kan wani.

Injin InnoDB, wanda Heikki Tuuri ya ƙirƙira a Finlan, ya bi wata hanya. Layi yake kullewa, domin mutane da yawa su yi rubutu lokaci guda, kuma ƙirge ɗaya yake riƙewa ga jadawali duka. Da ya zama injin da MySQL ke farawa da shi a 2010, masu ƙaura daga MyISAM suka rasa ƙirgen rukuni.

Ƙa'idar SQL, harshen sarrafa rumbun bayanai, ta 2003 ma ba ta tanadi ƙirgen rukuni ba. Shi ya sa a yau mai tsara rumbu ke da zaɓi biyu: ya lissafa lambar layi da kansa tare da kulle rukunin, ko ya bar wa kwamfuta lamba ɗaya mai hawa, ya jera layukan a lokacin buga rasit.