"Hannunka ne": tarihin amsar da ake ba mai motar da giyarta ta lalace

Daga 2011 zuwa 2016 kamfanin Ford ya sayar da ɗimbin ƙananan motoci ƙirar Fiesta da Focus masu wani akwatin giya da ya raɗa wa suna PowerShift. Ga mai tuƙi, mota ce atomatik kamar kowace. A ciki kuwa giyar hannu ce mai kuloci biyu, wadda kwamfuta ke takawa a madadin direba, domin a rage shan mai. Matsalar ita ce kulocin busasshe ne, ba ya cikin man da zai sanyaya shi. Da robar da ke tare man giya ta fara yoyo, sai mai ya taɓa kulocin, motar ta riƙa karkarwa da fizga idan za ta tashi. Wani lokaci kwamfutar giyar ce ke mutuwa, direba ya taka totur a tsakiyar titi motar ta ƙi ja.

Masu motoci da yawa da suka koma wurin dila da takardar garanti a hannu sun ji amsa iri ɗaya: ai haka wannan giya take, ko kuma salon tuƙinka ne. Wannan amsa ta girme wa PowerShift nesa ba kusa ba. Tarihin garantin mota a Amurka, in an tace shi, gardama ce kan wanda ya kamata ya kawo hujja idan abu ya lalace.

A watan Mayun 1955 wani magidanci a jihar New Jersey ya saya wa matarsa sabuwar Plymouth, ƙirar kamfanin Chrysler. Kwana goma da karɓar motar, sitiyari ya ƙwace mata, ta daki bango. Kamfani ya nuna bayan takardar ciniki, inda aka rubuta da ƙananan haruffa cewa iyakar alhakinsa shi ne canza ɓangaren da ya lalace cikin kwana 90 ko mil 4,000. A 1960 Kotun Ƙolin jihar ta yi watsi da wannan sharaɗi. Dalilinta ya fi hukuncin muhimmanci: manyan kamfanonin duk takarda ɗaya suke amfani da ita, don haka mai saye ba shi da inda zai je ya nemi sharaɗin da ya fi. Sa hannun wanda ba shi da zaɓi ba yarda ba ce.

Dokar tarayya ta biyo baya a 1975, wato Magnuson-Moss, wadda Shugaba Gerald Ford ya rattaba wa hannu (suna ne kawai ya zo ɗaya, ba shi da alaƙa da kamfanin). Ta wajabta a rubuta garanti da harshen da mai saye zai fahimta. Ta hana kamfani ya ce garanti ya faɗi don kawai an yi sabis a garejin da ba nasa ba, ko an sa kayan gyaran wani. Idan yana ganin wannan ne ya lalata giyar, shi zai tabbatar. A ganina sashen da ya fi tasiri shi ne wanda ba a cika ambata ba: mai motar da ya yi nasara a kotu na iya samun kuɗin lauyansa daga kamfani. Kafin nan lissafin a fili yake. Gyaran giya na cin dubban daloli, shari'a ta fi haka ci, saboda haka mai hankali ya haɗiye takaicinsa ya biya. A 1982 jihar Connecticut ta ƙara da dokar da ta tilasta a canza sabuwar mota ko a mayar da kuɗi idan gyara ya ƙi ci bayan an yi ta maimaitawa, sauran jihohi suka bi sahu.

Duk da haka doka ba ta kashe tsohuwar amsar ba. Ford ya tsawaita garantin kulocin wasu daga cikin motocin a 2014 zuwa shekara 7 ko mil 100,000, abin da ke nuna ya san akwai matsala, amma ƙorafi bai tsaya ba. A Ostireliya ne aka fi fito da abin sarari. A watan Afrilun 2018 Kotun Tarayya ta ci Ford tarar dalar ƙasar miliyan 10 kan yadda ya bi da masu ƙorafi tsakanin Mayun 2015 da Fabrairun 2016. Kamfanin ya amsa laifinsa. An faɗa wa mutane tuƙinsu ne ke jawo karkarwar alhali ana sane da lahanin giyar, kuma akasarin waɗanda suka nemi kuɗinsu ko canjin mota kyauta an hana su.

A Amurka jaridar Detroit Free Press ta wallafa bincike a watan Yulin 2019, bisa takardun cikin gida da ke nuna injiniyoyin Ford sun yi gargaɗi tun kafin motocin su shiga kasuwa. Kamfanin ya musanta yadda jaridar ta fassara takardun, amma a watan da ya biyo baya ya faɗaɗa garantin zuwa wasu motocin 2014 zuwa 2016, ya kuma yi alkawarin biyan waɗanda suka gyara kuloci daga aljihunsu. A 2020 kotu ta amince da sulhun ƙarar haɗin gwiwa da masu motocin suka shigar. Abin lura a nan, wanda ya fi samun diyya shi ne wanda ya ajiye rasit na kowace zuwa gareji, domin yawan zuwan da aka rubuta shi aka ƙirga. Wanda dila ya lallasa da baki ya koma gida hannu rabbana, a takarda motarsa lafiyarta ƙalau.

Shekara bakwai ta motar 2016 ta cika tun wajen 2023. Irin waɗannan Focus da Fiesta na cikin tsofaffin motocin Amurka da ake jibgewa a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas, kuma mai sayen su a Kano ko Kaduna zai ga harafin D a jikin giya ya ɗauka atomatik ce irin wadda ya saba.