Tarihin Dangantakar Ɗaya da Masu Yawa a Ajiyar Makin Ɗalibai

Dangantakar ɗaya da masu yawa ƙa'ida ce da masu tsara rumbun bayanai ke bi idan abu guda yana da abubuwa da dama rataye da shi, kamar yadda ɗalibin kwaleji a Bana ko Gaya yake da suna ɗaya, amma kowace jarrabawa tana ƙara masa sabon maki bisa 20. Sau da yawa akan jingina ta ga Edgar Codd na kamfanin IBM saboda maƙalarsa ta 1970, sai dai ta girmi wannan maƙala, domin Charles Bachman ya gina tsarin IDS a General Electric tun farkon shekarun 1960, kuma tsarin IMS, wanda ya fara aiki a 1968 don lissafin kayan shirin Apollo, an ɗora shi ne kacokan a kan uwa ɗaya mai 'ya'ya da yawa.

Gudunmawar Codd ita ce sauya yadda ake ƙulla zumuncin. A tsofaffin tsare-tsare, na'ura kan bi wata alama da ke nuna inda bayani na gaba yake ajiye, shi kuwa ya ce a raba bayanai cikin jadawalai, a ba kowane ɗalibi lambar da babu mai irinta, sannan kowane layi na jadawalin maki ya ɗauki wannan lambar, wadda ake kira baƙon mabuɗi. Da haka aka huta da tanadar gurbin maki na ɗaya, na biyu da na uku a gaban suna, tsarin da ke rushewa ranar da malami ya ƙara gwaji na huɗu. A haƙiƙa ma maki ba na ɗalibi kaɗai ba ne, tunda yana rataye da darasi, shi ya sa jadawalinsa ke ɗauke da mabuɗai biyu.

Peter Chen ya fito da hanyar zana wannan dangantaka a 1976, Faransawa kuma suka samar da tasu, Merise, a ƙarshen shekarun 1970, wadda ta bazu a ƙasashe masu karatu da Faransanci. Merise tana rubuta adadi, wato 0,n ko 1,1, a gefen abin da yake shiga dangantakar, wani salon zane mai suna UML kuwa yana rubuta shi a ɗaya gefen, don haka wanda ya koyi Merise a Yamai da wanda ya koyi UML a Sakkwato suna iya karanta zane ɗaya su fahimci akasin juna.

Harshen SQL na rumbun bayanai ya zama ma'auni a 1986, aka shigar da ƙa'idar baƙon mabuɗi a gyaran 1989. Manhajojin gina shafukan intanet sun gaji tsarin yadda yake: Ruby on Rails ya fito a 2004, Django a 2005.