Sanƙarau a Dungas da Magarya: Tarihin Lamba da Karatun Alƙaluma

A watan Fabrairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da sanarwa a kan sanƙarau a jihar Damagaram. Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, an lissafa mutum 559 da ciwon ya kwantar, 18 suka riga mu gidan gaskiya. Dungas ce ta fi jin jiki, da mutum 342. Matamaye na da 98, Mirya 72, Magarya 38, sauran ƙalilan kuma a birnin Damagaram da Gure. A irin waɗannan watanni na shekarar da ta gabata 231 aka gani. Kusan duk waɗanda suka kwanta ba su kai shekara 20 ba.

Iyayen da suka tuna dogon layin allura na shekarun 2010 da 2011 suna da tambaya: ba an ce an yi mana lambar sanƙarau ba, to me ya dawo da shi? Tambaya ce ta mai hankali, kuma wanda ya yi ta ya cancanci cikakkiyar amsa, ba tsawa ba.

Sanƙarau ba baƙo ba ne a ƙasar nan. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana yankin da annobar take yawan faɗa wa, wanda a yau ake lissafa shi daga Senegal har Habasha, kuma ƙasar Hausa na tsakiyarsa. Kakanninmu ba su jira shi ba kafin su san lokacinta: tana shigowa da hunturu, ta yi ƙarfi a bazara, ruwan farko na sauka ta lafa. Abin da bincike ya ƙara shi ne dalili. Ƙwayar cutar na zaune a maƙogwaron mutane da yawa masu cikakkiyar lafiya, suna yaɗa ta da tari da atishawa ba su sani ba. Busasshiyar iska da ƙura suna raunata fatar cikin hanci da maƙogwaro, sai ƙwayar ta samu kafar shiga jini, ta kai ga tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka. Daga nan sai zazzaɓi mai zafi, ciwon kai, amai, wuya ya sanƙare. Yaron da ya yi wasa da safe yana iya fita hayyacinsa kafin wayewar gari.

Wanda zai yi wa mutanen wannan yanki zancen allura, ya san cewa suna da abin tunawa. A annobar 1995 a Nijar, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar jabu, wadda ta zo kyauta daga wata ƙasa maƙwabciya da ita ma ta ɗauka ta ƙwarai ce. A 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum kusan 250,000 a Afirka ya kashe kimanin 25,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganinsa Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara kusan 200 a Kano. 11 suka rasu, aka yi shekaru ana shari'a kafin a sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Da wasu jihohin arewacin Najeriya suka dakatar da rigakafin shan-inna a 2003, wannan labari na cikin abin da aka riƙa kafa hujja da shi. Magarya da Babura, Dungas da Maigatari, dangi ɗaya ne, kasuwa ɗaya. Abin da aka faɗa a can da safe, da yamma an ji shi a nan. A ganina, kiran wannan ɗari-ɗari da sunan jahilci zalunci ne, kuma ba ya sa kowa ya miƙa damtsensa.

Sai dai wahalar 1996 ta haifar da abu biyu masu amfani. A 1997 aka kafa rumbun ajiyar allurai na ƙasa da ƙasa don ɗaukin gaggawa. Sannan aka duƙufa neman allurar da za ta hana annoba tun ba ta taso ba. A Disamba 2010 aka ƙaddamar da MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, wadda kamfanin Serum na Indiya ya haɗa a kan ƙasa da rabin dalar Amurka kowace ɗaya, aka yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Kuma ta yi aiki. Nau'in A, wanda shi ne ya haddasa akasarin manyan annobai na baya, ya kusa ɓacewa daga yankin baki ɗaya.

Amsar tambayar iyaye tana nan. Ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, masana sun ba su haruffa: A, C, W, X, Y da sauransu. Allura kamar mai gadi ce da aka nuna wa fuskar ɓarawo ɗaya. Shi zai tare, wani daban ya wuce ta gabansa. A 2013 da 2014 wani sabon jinsin nau'in C ya ɓulla a wajen Sakkwato da Kabi. A 2015 ya faɗa wa Nijar, har da Yamai, aka lissafa kusan mutum 8,500, 573 suka rasu. Shi ne kuma ya zo Dungas: cikin mutum 111 da gwaji ya tabbatar da ciwonsu a jihar Damagaram, 104 nau'in C ne. Lambar 2010 ba ƙarya ba ce. Abin da aka yi ta dominsa ta yi. An dai gaza faɗa wa jama'a iyakarta da Hausar da za su riƙe.

A lura da tazarar da ke tsakanin 559 da 111. Adadi na farko na waɗanda alamunsu suka nuna sanƙarau ne. Na biyu na waɗanda aka ɗebi ruwan bayansu aka auna aka ga ƙwayar. Wannan ɗibar ruwa, da ake lanƙwasa yaro a soka masa allura a ƙasan gadon baya, tana tsorata uwaye, kuma ba laifinsu ba ne in ba a yi musu bayani ba. Ɗan ruwan nan da ake aikawa ɗakin gwaji, har zuwa cibiyar CERMES ta Yamai, shi ke faɗin wane harafi ne ya zo, wace allura kuma za a nema. In babu shi, a makance ake aiki.

Akwai kuma ma'aunin da ke sa a buga gangar annoba. A yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, in aka samu 3 cikin kowane 100,000 a mako guda, an shiga faɗakarwa. In suka kai 10, annoba ce. Ke nan rajistar da ma'aikacin jinya ke cikawa a ƙaramar likitar ƙauye, da rahoton da yake aikawa gunduma kowane mako, su ne mafarin komai.

Alƙaluman gundumomin biyu sun fi komai ɗaukar hankalina. Dungas, mutum 342, shida suka rasu: bai kai biyu cikin ɗari ba. Magarya, mutum 38, biyar suka rasu: fiye da ɗaya cikin takwas. Mai gaggawa zai ce ciwon Magarya ya fi muni, ko likitocinta sun gaza. Lissafin bai isa ya nuna haka ba. Inda adadi ya yi ƙanƙanta, mutuwa ɗaya ko biyu na jirkita kaso. Kuma sanannen abu ne a kowace annoba cewa inda aka riga aka yi shela, mutane kan kawo yara da wuri, a ƙidaya har masu sauƙin ciwo. Inda ba a farga ba, sai wanda ya galabaita ake kawowa. Sa'o'in da ke tsakanin fara zazzaɓi da allurar farko ta maganin ceftriaxone su ne ke raba rai da ajali, da ikon Allah. Akwai ma waɗanda lissafin bai da gurbinsu: cikin masu tsira, kusan ɗaya cikin biyar kan tashi da kurumta, ko farfaɗiya, ko rauni a gaɓa ko a kai.

Daga rumbun nan na 1997 aka aiko wa Nijar allura fiye da 600,000 a ƙarshen Disamba 2022 da farkon Janairu 2023, mai kariya daga A da C da W. Irin ta da ce: kariyarta ba ta wuce kimanin shekara uku, ba ta kama jikin ƴan ƙasa da shekara biyu sosai, ba ta kuma share ƙwayar daga maƙogwaro. A tsallaken iyaka, Jigawa na fama da nau'in C ɗin a daidai lokacin, kuma duk wanda ya taɓa ganin cinkoson kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san allurar gefe ɗaya ba za ta wadatar ba.

A Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabuwar allura, Men5CV, mai tare nau'i biyar a tsira ɗaya: A, C, W, Y da X. Najeriya ce ta fara amfani da ita a Maris 2024, Nijar ta bi baya a shekarar. Ita ma tana da iyaka, kuma ya kamata mai shela ya faɗe ta tun kafin a tambaya: akwai wasu ƙwayoyi, kamar wadda ke kawo ciwon huhu, da ke sa sanƙarau, kuma wannan allura ba ta taɓa su. Yaron da ya yi lamba, in zazzaɓi da ciwon kai suka taso masa farat ɗaya, a kai shi likita a ranar. Jinjiri kuwa sau da yawa wuyansa ba ya sanƙarewa. Sai dai ya ƙi nono, ya yi ta kuka ko ya yi laƙwas, maɗigarsa ta kumbura.