Labarin Bincike da Baƙin Silima: Shigowarsu Ƙasar Hausa da Amfaninsu ga Yaƙi da Jahilci

1. Gabatarwa

Tun daga taron Bamako na 1966, inda aka tsai da baƙaƙen rubuta Hausa, ma'aikatan yaƙi da jahilci suke fama da matsala guda: baligi ya koyi karatu cikin rani, kafin wani rani ya kewayo ya manta, domin ba shi da abin karantawa sai ƙasidun taki da na rigakafi. Wannan nazari zai bi tarihin wani irin labari da ya shahara wajen riƙe mai karatu har shafin ƙarshe, watau labarin binciken laifi, mu ga abin da Hausa ta ɗauka daga cikinsa da abin da ta bari. Mun ɗauki yankin Birnin Ƙwanni da Malbaza da Illela misali, domin nan hanyar Faransanci da ta Ingilishi suka gamu.

2. Asalin labarin da rassansa biyu

Masana sukan fara lissafi daga 1841, shekarar da Ba'amurke Edgar Allan Poe ya fito da Dupin, mutumin da ke gano mai laifi da tunani kaɗai. A 1887 Conan Doyle na Ingila ya biyo da Sherlock Holmes, a 1931 kuma littattafan kwamishina Maigret na Georges Simenon suka fara fita da Faransanci. A wannan reshe na farko mai bincike shi ne ginshiƙi: an tarar da ɓarna, ya bi alamomi, ya kama mai laifi, gari ya koma lafiya. Tzvetan Todorov ya nuna a 1966 cewa irin wannan littafi labari biyu ne a haɗe, na laifin da ya wuce da na binciken da ke tono shi, saboda haka ana tafiya gaba ne don a koma baya.

Reshe na biyu ya tsiro a Amurka ta hannun Dashiell Hammett da Raymond Chandler. A nan gari duka ya gurɓata, attajiri da ɗan sanda cikin ƙwarya ɗaya suke ci, mai binciken kansa talaka ne da ake biya ladan yini, kuma ko ya gano gaskiya ba lalle ta yi wa kowa magani ba. Silima ta karɓi wannan salo da The Maltese Falcon a 1941 da Double Indemnity a 1944, da hotuna masu duhu da muryar mutum yana ba da labarin faɗuwarsa bayan ta auku. Faransawa suka raɗa masa suna: Marcel Duhamel ya buɗe jerin littattafan Série noire a 1945, Nino Frank ya kira finafinan film noir a 1946, abin da muka fassara da baƙin silima.

3. Hanyoyin shigowa

Hanya ta farko ta ƴan ci-rani ce, waɗanda Adar, ƙasar Illela, ta daɗe tana aikawa bakin teku. Muna da shaida a fim ɗin Jean Rouch, Moi, un noir, na 1958, wanda aka ɗauka a unguwar Treichville ta Abijan tare da samarin Nijar ƴan ƙodago. Oumarou Ganda, wanda daga baya ya zama babban mai shirya fim, ya ɗauki sunan Edward G. Robinson, ɗan wasan da ya fito a matsayin mai binciken kamfanin inshora a Double Indemnity. Abokinsa ya ɗauki sunan Eddie Constantine, mai fitowa a matsayin ɗan sandan ciki Lemmy Caution. Ke nan matasanmu sun san waɗannan taurari ta majigi, ba tare da sun riƙe littafin ko ɗaya ba.

Hanya ta biyu ta kudu ce. Daga Ƙwanni zuwa Sakkwato bai kai kilomita 100 ba, kuma littattafan Hausa na Zariya da Kano ta nan suke ƙetarowa. A Najeriya ƴan makaranta sun sha karanta James Hadley Chase da Ingilishi, alamar hakan kuwa ta fito a littattafan da aka buga a 1982 bayan gasar da hukumar al'adu ta tarayya ta shirya. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya ginu a kan Alhaji Gabatari, attajirin da ya yi arziki da fasa-ƙwauri da sayen ma'aikata. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya bi Mailoma, wanda ya fito daga yaƙin basasa ya kafa ƙungiyar ɓarna.

4. Abin da aka ɗauka da abin da aka bari

A littattafan nan biyu mai laifi ne a tsakiyar labari, kuma mai karatu ya san shi tun daga farko. Hausa ta ɗauki duhun reshe na biyu, ta bar mai binciken reshe na farko. A ganinmu dalili biyu ne. Na ɗaya, tatsuniya da hikaya suna bin lokaci daki-daki da "sai" da "daga nan", kuma ana jiran sakayya ne, ba a jiran sunan mai laifi. Na biyu, ɗan sanda da jandarma sun zo da mulkin mallaka, talaka ya san su wajen haraji da aikin tilas, da wuya marubuci ya mai da su gwarzayen gaskiya.

Amma mai bincike ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Idan aka sace raƙumi ko saniya, mai bin sau ake nema, wanda ke duban ƙasa ya faɗi ko dabbar na ɗingishi, ko tana ɗauke da kaya, ko da dare ta wuce. Malamai ma sun san hikayar ƴaƴan Nizaru huɗu da ke cikin tarihin Mas'udi, waɗanda suka siffanta raƙumi mai ido ɗaya ba su taɓa ganinsa ba, daga gefen da ya ci ciyawa kawai. Dangin wannan hikaya ne ya isa Turai, Voltaire ya yi amfani da shi cikin Zadig a 1747, littafin da ake ƙidayawa cikin kakannin labarin bincike.

5. Kayan aikin da ke cikin harshe

Nahawun Hausa na da abin da wannan salo ke bukata. Wakilin suna "an" da "aka" yana faɗin aiki ya ɓoye mai yinsa: "an fasa rumbun Tanko da dare". Kalmar "wai" tana raba abin da shaida ya gani da abin da ya ji. Ƙarfafawa da "ne" da "ce" ita ce jimlar tonon asiri: "ƙanensa ne ya fasa". Ga kuma "ashe", wadda cikin gaɓa biyu take nuna cewa abin da aka zata ya kife. Labarin bincike a Hausa tafiya ce daga jimlar "an" zuwa jimlar "ne".

6. Kammalawa

Yankin da muka ɗauka cike yake da abin labari: iyakar da Ingila da Faransa suka gyara a 1904 da 1906 ta raba dangi gida biyu, an rufe ta daga 1984 zuwa 1986, an sake rufewa a 2019, kowane karo fetur da hatsi suka bi hanyar daji, ga masana'antar siminti ta Malbaza, ga cinikin albasar Galmi, ga satar dabbobi. Modibo Sounkalo Keita na Mali ya nuna da L'Archer bassari a 1984 cewa ana iya gina irin wannan littafi a kan fari da karkatar da kayan agaji.

Shawararmu ga masu tsara littattafan bayan karatu ita ce su nemi marubutan yankin su rubuta gajerun labarai, masu babi gajeru, waɗanda gwarzonsu mai bin sau ne, ko dillalin kasuwa, ko ungozoma, mutanen da manomi ya yarda da idonsu. Ga masu bincike kuma aikin gaggawa shi ne ɗaukar muryar tsofaffin masu bin sau na Ƙwanni da Adar, a tattara kalmomin sana'arsu. Wanda ke son sanin wa ya fasa rumbun Tanko dole ya karanta kowace jimla da lura, ya koma baya ya gwada maganar shaidu, wannan kuwa shi ne karatun da muke so ya zauna masa.