Azurfar Isfahan da azurfar Zazzau: me tsohon kuɗi ke shaidawa?

Masu tara tsofaffin kuɗi suna ɗaukaka azurfar daular Hotak, gidan sarautar Afganistan da ya ƙwace Isfahan daga hannun Safawiyawa a 1722, saboda mulkinsa a Farisa bai wuce shekara bakwai ba. Mahmud da magajinsa Ashraf sun buga abbasi, wato kuɗin azurfa da aka raɗa wa suna daga Shah Abbas, kuma kafin Nadir, jagoran sojojin Safawiyawa, ya karya rundunar Ashraf a Damghan a 1729, abin da suka buga kaɗan ne. Darajar irin wannan kuɗi tana cikin rubutun da ke jikinsa, domin yana faɗin sunan sarki da garin da aka buga shi da shekarar hijira, ya zama shaida ko da littattafai sun yi shiru.

Ba a iya auna azurfar ƙasar Zazzau da wannan mudu. Daular Sakkwato, wadda Zazzau ta kasance ƙarƙashinta, ba ta buga kuɗi da sunan sarakunanta ba, wuri ne kuɗin kasuwa, har matafiyin Turai Barth ya tarar a Kano a 1851 ana canza dala guda ta azurfa a kan wuri 2,500. Azurfar da fatake suka shigo da ita, musamman riyalin Maria Theresa ta Ostiriya, tana ɗauke da shekarar 1780 ko da an buga ta shekara ɗari bayan haka, don haka wanda ya tsinci ɗaya a gidan gado a Ikara ko Kudan ya ce ta girmi jihadi, ya yi gaggawa.

Ƙarancin wannan azurfa a ƙasar Zazzau a yau ma dalilinsa daban ne, domin wutar maƙeran fari ce ta cinye ta. Riyali mai nauyin kusan giram 28, da sulallan azurfa da Turawa suka fitar a 1913 kafin su sauya ƙarfensu a 1920, an narkar da su an yi awarwaro da zobe da kayan doki, kuma wanda ya tsira sau da yawa an huda shi don ratayawa. Dillalin Turai yana ganin wannan huji aibi ne mai karya farashi, alhali ga mai nazarin tarihin Zazzau shi ne rubutun da kuɗin ya rasa, tunda yana nuna cewa azurfar ta bar kasuwa ta shiga adon mata da dukiyar da uwa ke bar wa 'yarta.