Zumunci a ƙafa yake: tarihin hidima ga iyalai marasa gida a Amurka

Idan aka ambaci Amurka, abin da ke zuwa mana a rai shi ne dogayen benaye da arziki. Amma a shekarun 1980 ƙasar ta wayi gari da abin da ba ta saba gani ba: uwaye da ƙananan yara suna neman wurin kwana. Kafin lokacin, yawancin waɗanda ake gani a titi maza ne da ba su da iyali. Sai kuɗin haya ya hau, aka rushe gidaje masu arha ko aka mai da su na masu kuɗi, gwamnatin Shugaba Reagan ta rage tallafin gidaje, ga kuma matsin tattalin arziki na 1981 da 1982 da ya raba mutane da ayyukansu. Yau za mu duba yadda waɗansu mutane suka amsa wannan bukata cikin shekara uku, domin akwai abin da zai gyara mana yadda muke ziyarar mabukata.

A birnin New York kotu ta ɗora wa hukuma nauyin ba marasa gida wurin kwana. Da wurare suka cika, sai aka riƙa zuba iyalai a tsofaffin otal-otal. Wanda ya fi suna shi ne Martinique, a kan titin Broadway. A tsakiyar shekarun 1980 kusan iyalai 400 ne ke ciki, da yara fiye da dubu. Uwa da 'ya'yanta sukan cunkushe a ɗaki guda, babu wurin girki, ga ɓeraye, ga tsohon fenti mai gubar dalma yana ɓarewa daga bango. Abin takaici, kuɗin da birni ke biya wa ɗakin a wata ya isa hayar gida mai kyau.

Iyalin da ya rasa gida yakan rasa likitansa ma. An ɗauke su daga unguwarsu, katin rigakafin yara ya ɓace wajen kwashe kaya, asibitin da ya san su ya yi nisa. Uwar da za ta bi layin abinci da layin ofishin tallafi ba ta da ranar kai yaro awo. Don haka ciwon kunne yakan daɗe har ya taɓa ji, asma takan tsananta har sai an ruga ɗakin gaggawa da dare, allurar rigakafi kuma ta wuce lokacinta.

Amsa ta farko ta fito ne daga birnin Boston a 1985. A shekarar, gidauniyoyi biyu, Robert Wood Johnson da Pew, suka ba da kuɗi don gwada kai kiwon lafiya ga marasa gida a birane 19. Wani matashin likita, Jim O'Connell, ya yarda ya yi aikin na shekara ɗaya. Aka tura shi masaukin Pine Street Inn, inda ma'aikatan jinya suka daɗe suna duba mutane da yamma, waɗansunsu ma da aikin sa kai suka fara. Ɗaya daga cikinsu, Barbara McInnis, ta sa shi ya ajiye abin sauraron ƙirjinsa, ta ba shi bokiti. Makonni da dama aikinsa shi ne jiƙa ƙafafun mutane cikin ruwan magani. Ƙafar mai yawo dare da rana cikin jiƙaƙƙen takalmi tana bukatar haka, amma nas ɗin tana da wani dalili. Mutanen sun sha wulaƙanci a asibitoci, ba sa amincewa da likita. Sai da suka ga fuskarsa kowace yamma, yana durƙushe a gabansu yana kiran sunayensu, sannan suka fara gaya masa abin da ke damunsu, har suka karɓi magani. Shekara ɗayan nan ta zame masa aikin rayuwa. Masaukin na manya ne, amma duk mai hidima ga iyalai ya tarar da wannan darasi a gabansa. Mu kuwa da muka san Yohanna sura 13, mun san wanda ya fara ɗaura tawul ya durƙusa.

Amsa ta biyu ta zo a 1986 daga jihar New Jersey, maƙwabciyar New York, kuma ita ta fi kusa da mu. Karen Olson ma'aikaciyar wani kamfani ce. Wata rana ta saya wa wata tsohuwa marar gida abinci kusa da tashar jirgin ƙasa ta Grand Central, ta tsaya suka yi hira. Daga nan ita da 'ya'yanta maza biyu suka riƙa kai abinci a kai a kai. Da ta gano cewa a yankinsu ma akwai iyalai marasa gida, ta tara shugabannin addini don a buɗe masauki. Kuɗi da ƙa'idodin hukuma suka hana samun gini. Sai suka lura da abin da suke da shi: ɗakunan makarantar Lahadi da ke rufe yawancin mako, da ɗakin girki, da mutane. Ranar 27 ga Oktoba 1986 aka fara, da wuraren ibada goma sha ɗaya a gundumar Union.

Tsarin mai sauƙi ne. Kowace ikilisiya takan karɓi iyalai kaɗan, kimanin mutum 14, na mako guda, sannan a kwashe gadaje masu naɗewa zuwa ta gaba. Waɗansu su yi girki, waɗansu su taya yara aikin makaranta, waɗansu su kwana a wurin. Da safe mota ta kai iyalan wata cibiya inda za su yi wanka, su sami adireshin neman aiki da gida, yara kuma su wuce makaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Da aka raba nauyin, babu ikilisiyar da ta gaji. Ga wani alheri kuma: masaukai da yawa sukan raba uba da manyan yara maza da sauran iyali, nan kuwa tare ake barinsu. A 1988 aikin ya zama na ƙasa baki ɗaya, majami'un Yahudawa da masallatai ma suka shiga, a 2003 ya ɗauki sunan Family Promise.

Amsa ta uku ta mai da mu otal ɗin Martinique. Mawaƙi Paul Simon da likitan yara Irwin Redlener sun ziyarci wurin suka ga halin da yara ke ciki. A 1987 suka kafa Children's Health Fund tare da Karen Redlener, wadda ta tsara wata babbar mota mai launin shuɗi, asibitin tafi-da-gidanka mai ɗakunan duba yara. Motar takan tsaya a ƙofar masaukai a ranakun da aka tsayar, kuma ana ajiye tarihin lafiyar kowane yaro, ta yadda ko an sauya wa iyalin masauki ba za a fara daga farko ba. A Yulin wannan shekara Shugaba Reagan ya sa hannu a dokar McKinney, wadda ta sa kuɗin gwamnatin tarayya cikin kula da lafiyar marasa gida.

Kada mu ƙara wa tarihin gishiri. Waɗannan ayyuka ba su kawar da rashin gida a Amurka ba, domin tushensa tsadar haya ce da ƙarancin gidaje. Sauya wurin kwana kowane mako ma ba abu ne mai sauƙi ga yaro ba. Amma dukansu uku suna da hali ɗaya: sun taka zuwa inda mutanen suke, kuma sun dawo a ranar da suka ce za su dawo.

A nan ya kamata mu binciki kanmu. Yawancinmu mun tuna 2014, lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, dubban mutane suka kwana a harabar majami'u a Yola. Har yau akwai iyalai a sansanoni da kangwaye kusa da mu. Al'adarmu ita ce mu je sau ɗaya lokacin Kirsimeti, da buhun shinkafa da sabulu, mu ɗauki hoto, mu dawo. Shinkafar tana da amfani, amma maganin hawan jini na wata guda ba ya kai mutum Kirsimeti mai zuwa, yaron da ya karɓi allurar farko kuma yana jiran ta biyu.

A cikin zumuntarmu akwai ɗaliban jinya, akwai malaman makaranta, akwai masu babur. Bari mu zaɓi wuri ɗaya, mu tsai da rana ɗaya a wata, mu raba kanmu rukuni-rukuni. Mu buɗe littafin sunayen yara da ranakun rigakafinsu, mu haɗa kai da ƙaramin asibiti mafi kusa, abin da ya fi ƙarfinmu mu raka mai shi wurin likita. Kafin mu fara, mu zauna da iyalan mu ji abin da su suke bukata, mu kuma nemi shawarar dattawan ikilisiya da zumuntar mata.

Ubangiji ya ba mu ƙafafun da ba sa gajiya da komawa. Amin.